Ƙugun ƙarfe da ɗingishin da ya ƙi tafiya

Talata 3 ga Disamba 2024

Yau sati uku cif da aka min aikin ƙugu a Yawunde, babban birnin Kamaru, kwana huɗu kuma da dawowata Garwa. Likita ne yace in riƙa rubuta abin da ƙafar ke iyawa da wanda ya gagare ta don in nuna masa ranar kontrol, wato ranar da zan koma ya duba aikin, sai naga gara in rubuta a nan ko wani mai irin lalurata zai ƙaru.

Ni tela ne. Shekara 7 da suka wuce moto, wato babur, ya kayar da ni kusa da gadar Binuwai, wuyan ƙashin cinyar hagu ya tsage, aka kai ni wurin mai ɗori, bayan wata biyu na miƙe na koma kan keken ɗinki, ashe tun lokacin jini ya daina isa kan ƙashin, ya riƙa mutuwa a hankali har ya lotsa. Shekara uku na ƙarshe ko barci ba na yi sai da magani. A aikin sun yanke mataccen kan ƙashin, sun soka ƙarfe cikin ɓargon cinya da ƙwallo a samansa, sun kafa wani abu kamar ƙoƙo a cikin ƙugu mai roba mai tauri a ciki, ƙwallon na juyawa a nan. Ta baya aka shiga, shi ya sa dokokina uku ne: kar in lanƙwasa ƙugu ya wuce digiri 90, kar in harɗe ƙafa, kar in juya ƙafar ciki. Wanda ya karya ɗaya ƙwallon na iya fita daga mazauninsa.

Kuɗi, da aikin da ƙarfen da kwanciya da hanya, sefa miliyan 3 da dubu 800. Filina na bayan gari na sayar, ƙanena ya cika.

Mun taho a jirgin ƙasa na dare zuwa Gaundare, gadon ƙasa na kwanta da filo tsakanin gwiwoyi, daga can muka ɗauki shatar mota, duk awa ɗaya sai direba ya tsaya na fito na taka da sanduna saboda gudun daskarewar jini. Wancan ciwon mai kamar ana huda ni da basilla babu shi, wallahi tun ranar da na farka babu shi. Amma ƙafar ta yi nauyi kamar ba tawa ba.

Asabar 7 ga Disamba

Gidan Bahaushe duk a ƙasa yake, sai yanzu na lura. Tabarma, katifa, kwanon tuwo, buta, masai. Kafinta ya ƙara wa gado tsawo da katako, mai walda ya min kujerar banɗaki mai hannuwa da rami a tsakiya, jaka 18, wato sefa dubu 18. Kujerar roba biyu na haɗa ɗaya cikin ɗaya na ɗora filo, a kanta nake salla nake cin abinci. Wankin ƙafar hagu a alwala babban ɗana ke yi min, hannuna a tsakiyar ƙwauri yake tsayawa kuma an hana ni matsawa.

Alhamis 12 ga Disamba

Zagaye tsakar gida sau 6 da safe, sau 6 da yamma. Ƙafa ta kumbura har idon sawu da dare, na ɗora ta kan filo ta saɓe.

Talata 17 ga Disamba

Allurar Lovenox, mai hana daskarewar jini, ta ƙarshe yau, kwana 35 kenan ana tsira min ita a fatar ciki, cikin duk ya yi shuɗi-shuɗi. Maiɗakina ce ta koyi yi tun a Yawunde, hannunta ya fi na wasu ma'aikatan sauƙi.

Na ɗauko tef ɗin awo na gwada cinyoyina, taƙi ɗaya sama da gwiwa. Dama 49, hagu 44. Santimita 5! Shekara nawa ina auna cinyar mutane don yanka wando ban taɓa auna tawa ba, wandunana masu faɗi ne sun rufa min asiri. Na daɗe zaune da tef a hannu.

Talata 24 ga Disamba

Sati shida. Na koma sanda ɗaya. Na bar wurin gashin ƙashin da na fara zuwa, ba zan kama suna ba, zuwa biyar jaka uku-uku, su kunna jar fitila a kan cinya, a shafa mai, a murza minti goma, shi kenan a ce sai jibi. Ba wanda ya taɓa cewa tashi ka yi tafiya in gani. Wani maƙwabcinmu da ya taɓa karaya ya haɗa ni da wani kine, wato ma'aikacin lafiya mai koyar da motsa jiki don gaɓa ta dawo daidai, saurayi ne, yana zuwa gida jaka 5 duk zuwa, sau biyu a sati. Ranar farko ko taɓa ni bai yi ba sai da ya sa na je bakin zaure na dawo sau uku yana tsugune yana kallon ƙuguna. Yace, Baba a wane hannu kake riƙe sanda? Nace hagu mana, ai can ne ciwon. Yace a'a, dama za ka mayar, sanda kishiyar ƙafar da aka yi wa aiki take zama, ku fita tare, sanda da ƙafar hagu lokaci ɗaya. An faɗa min haka a Yawunde, amma gaisawa da mutane ta sa na mayar da ita hagu ban sani ba, don duk wanda ya shigo dubiya sai ka ba shi hannun dama.

Lahadi 29 ga Disamba

Zazzaɓi tun daren Juma'a, 39 da ɗigo biyu. Hankalina ya tashi ƙwarai don abin da likita ya fi ja min kunne a kai kenan, in ƙwayar cuta ta kama ƙarfen magani kaɗai ba ya isa, wani lokaci sai an sake buɗewa. Maiɗakina ta haska tabon da tocilan waya, ba ja, ba zafi, ba ruwa. Duk da haka muka je asibiti aka ɗibi jini, zazzaɓin cizon sauro ne. Ban taɓa murna da shi ba sai ranar. Gwaji da magani jaka 11.

Asabar 4 ga Janairu 2025

Sati ɗaya a kwance ya cinye min rabin abin da na tara. Ga hunturu, da asuba ƙugun a sage yake tamau, sai na yi minti goma ina motsa idon sawu ina jan diddige a kan katifa kafin in iya sauko da ƙafar. In na zauna rabin awa na tashi, taku biyar zuwa shida na farko kamar an ɗaure gaɓar da igiya, sai daga baya ta saki. Kine yace haka ake yi, kar in tashi in kama tafiya nan take, in tsaya tukuna in mayar da nauyi dama da hagu sau goma sannan in ɗaga ƙafa.

Litinin 13 ga Janairu

Wannan sai na rubuta shi dalla-dalla don kuskurena ne.

Ranar Juma'a an ɗaura auren ɗiyar abokina bayan an sauko masallaci. Na ji ƙarfi a jikina, kuma gaskiya kunya ce ta kama ni, mutane sun san an kashe miliyoyi, na san abin da za a ce in an gan ni da sanda, to ina amfanin aikin. Na bar sandar a bayan ƙofa. Maiɗakina tace Malam ka manta sandarka, nace ba nisa. Zuwa da dawowa zai kai kilomita biyu, ga tsayuwar gaishe-gaishe. A hanyar dawowa na ji kafaɗata na faɗawa hagu duk taku, wani dattijo ya tare ni da Fillanci yana min sannu, yace ashe har yanzu ƙafar ba ta warke ba. Da dare gefen ƙugun, daidai kan ƙashin nan da ke turowa, ya riƙa zugi, bayana ya riƙe, Asabar da Lahadi ban iya zagaye tsakar gida ko sau biyu ba.

Yau kine ya zo na faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya sa aka fito da dogon madubin gwajin kaya da na kawo daga shago, ya jingina a bango, ya sa na ɗaura tef ɗina a ƙugu kamar bel don layin ya fito. Yace tsaya da ƙafar dama ka ɗaga hagu. Tef ya tsaya sak. Yace to yanzu tsaya da hagu. Ko daƙiƙa biyu ban yi ba gefen dama ya zube ƙasa, tef ya karkace kamar kalmasar da ɗan koyo ya yi, jikina ya kwanta hagu don kar in faɗi.

Yace Baba ka gani, ƙarfen lafiyarsa lau, tsoka ce. Akwai tsoka a gefen ɗuwawu da ke tasowa daga ƙashin ƙugu ta kama saman ƙashin cinya, aikinta ta riƙe ƙugu daidai duk lokacin da mutum ya tsaya kan ƙafa ɗaya, kuma tafiya ai tsayuwa ce kan ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Tawa ta shekara 7 tana hutu don na koyi jefa jiki gefe ina gudun ciwo. Sunan wannan alamar Trendelenburg, sunan wani likitan Jamus ne da ya bayyana ta tun 1895, na sa ya rubuta min a takarda. Likitan tiyata ya canza gaɓa cikin awa biyu amma bai canza tsoka ba, bai kuma canza tafiyar da jikina ya haddace ba. In na yar da sanda yanzu, ɗingishi nake ƙara koya wa jikin, da sanda kuwa ina tafiya miƙe tsokar na koyon aikinta. Sharaɗinsa ɗaya ne, ranar da na iya tsayawa daƙiƙa 30 kan hagu tef bai karkace ba, ranar zan ajiye sanda.

Wannan bayanin da an min shi tun kafin aiki da ban sha wannan wahalar ba. Ana ta faɗa maka kuɗi da ranar shiga ɗakin tiyata, amma wata shidan da ke biye ba mai zaunar da kai ya faɗa maka.

Laraba 22 ga Janairu

Motsa jiki sau uku a rana: ware ƙafa gefe ina tsaye riƙe da bango, ɗaga ƙugu daga kwance gwiwoyi a lanƙwashe, tafiyar kaguwa gefe-gefe a bakin dakali. Goma-goma sau uku. Tsayuwa kan hagu daƙiƙa 4.

Hawa matakala lafiyayyar ƙafa ce gaba, sauka kuma mai aikin ce gaba. Dakalin masallacinmu ya zo min daidai, dama nake shiga hagu nake fita kamar yadda aka koya mana tun muna yara.

Talata 4 ga Fabrairu

Sati 12. Abin da ke damuna kwanan nan, ji nake ƙafar hagu ta fi dama tsawo, kamar na taka bulo. Mai gyaran takalmi na bakin kasuwa yace in kawo takalmin dama ya ƙara masa soso, har na kusa ba shi. Kine ya kwantar da ni ya auna daga ƙashin gaban ƙugu zuwa idon sawu, da tef ɗina ma, bambancin bai kai santimita ɗaya ba. Yace da can ƙafar ta gajarce saboda kan ƙashin ya lotsa, ƙugu ya saba da karkata, yanzu an mayar mata da tsawonta jiki ne bai yarda ba tukuna, kar a taɓa takalmi sai an kai wata shida an sake aunawa.

Kawu ya zo daga Gidar da wani mai ɗori, wai a gasa wurin da ruwan zafi a ja ƙafar ta miƙe. Nace Kawu ka yi haƙuri, wannan ba ƙashi ba ne a ciki, in aka ja aka murɗa fita zai yi. Ransa bai so ba, yace yaran yanzu kun fi yarda da bature. Na ba mutumin kuɗin mota, Kawu ya kwana biyu ya koma. Ban ji daɗin yadda muka rabu ba amma ko gobe ya dawo amsar ɗaya ce.

Laraba 12 ga Fabrairu

Wata uku. Na yi radiyo, wato hoton ƙashi, a nan Garwa jaka 10, na tura wa likita ta WhatsApp ya kira ni da yamma. Ƙarfe na zaune daram, ba wani ƙashi da ya tsiro a cikin tsoka, don yace wani lokaci hakan na faruwa kuma yana sa gaɓa ta ƙage. Ya sassauta min dokoki, zan iya zama kan kujera ta kowa, zan iya kwanciya ta gefen hagu, zan iya hawa keken ɗinki kaɗan-kaɗan. Tsuguno har ƙasa da zaman harɗe a tabarma ba yanzu ba. Na tambayi sujada yace mu ƙara wata biyu. Na tambaye shi shekara nawa abin zai yi, yace a wani babban bincike da aka fitar a Ingila a 2019 kusan 58 cikin 100 na irin wannan ƙugun sun kai shekara 25 ba a canza su ba, kuma tun farkon shekarun 1960 da wani likita John Charnley ya daidaita wannan aikin ake ta gyara kayan. Shekarata 46. Na yi lissafi na yi shiru.

Cinya 45 da rabi. Tsayuwa daƙiƙa 9.

Alhamis 20 ga Fabrairu

Na koma shago, awa uku da safe. Moto har yanzu ban hau ba, ƙanena ke sauke ni da mota.

Lahadi 9 ga Maris

Azumi ya shiga, ɗinkin salla ya taru, wata huɗu ba shigowar kuɗi sai fita, ga bashin ƙanena. Na karɓi aiki fiye da ƙarfina. Kwana huɗu a jere ina zama kan keke daga bayan azahar har kusan shan ruwa ban tashi ba, zafin Garwa kuma ya haura 40, jiya da na zo miƙewa ƙugun ya ƙi buɗewa, na tsaya a duƙe riƙe da teburin yanka, yarona na shago ya riƙo ni yana cewa Maigida lafiya? Gaban cinya daidai matsematsi kamar an ɗinke shi. Motsa jikin ma na bar shi tun farkon azumi, da rana ba ƙarfi da dare barci. Na gwada tsayuwa, daƙiƙa 6, na koma baya.

Kine yace zama mai tsawo na gajarta tsokar gaban ƙugu, mai ɗingishi kuma da ma tasa a gajarce take. Mun sake tsari. Waya za ta riƙa ƙara duk minti 30 in tashi in je bakin titi in dawo. Yanka da guga nawa ne tunda a tsaye ake yi, dogon ɗinki na yara. Motsa jiki sau biyu, bayan sahur da bayan tarawi. Kafin barci in kwanta rub da ciki minti goma don gaban ƙugun ya miƙe. Na mayar wa mutum huɗu shaddarsu na ba su haƙuri, ɗaya ya yi fushi sosai, tsohon kwastoma ne.

Talata 18 ga Maris

Tarawi a kan kujera a ƙarshen sahu, ni da tsofaffi uku. Tsayuwa da ruku'u ina yi da kowa, sujada ce nake zama in sunkuya. Liman ya taɓa karanto min hadisin Imrana bin Husaini, ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka, na san sallata ta yi. Amma goshina na kewar ƙasa, ba zan ɓoye ba.

Alhamis 27 ga Maris

Daƙiƙa 14. Na sa wa keke ɗaya moto na lantarki jaka 22, in akwai wuta ƙafa na hutawa.

Asabar 5 ga Afrilu

An yi salla lafiya, mun gama kayan mutane saura kala biyu. Yau da asuba ina alwala a kan kujera na ɗora ƙafar hagu kan ɗan kututture, gwiwa a buɗe waje kamar yadda kine ya nuna min, na sunkuya ta tsakanin ƙafafu, sai ga hannuna a kan diddige. Na cuɗa tsakanin yatsu da kaina, ɗaya bayan ɗaya, ruwan na bin tafin ƙafar. Yaron na tsaye da buta yana jira ya karɓa kamar kullum, nace bar shi. Ya ruga ɗaki yana cewa Umma, Baba ya wanke da kansa.

Juma'a 18 ga Afrilu

Likita ya ba da izinin sujada ranar Talata bayan na tura masa bidiyon tafiyata da na yadda nake lanƙwasa ƙugu. Mun gwada da kine sau uku a kan katifa kafin in yi a salla. Kujera a gefen dama in dafa, gwiwar hagu ta fara sauka, gwiwoyi a ɗan buɗe, kar in zauna kan dugadugai da ƙarfi, tashi kuma ƙafar dama ce gaba. Zaman tahiya irin namu na ɗora ɗuwawun hagu a ƙasa bai yiwu ba tukuna, kujera nake komawa. Na fara da nafila raka'a biyu a ɗaki ni kaɗai. Na daɗe a sujadar farko, darduma ta jiƙe.

Da yamma ƙugun ya ɗan yi tsami, ba irin mai tsoratarwa ba.

Litinin 12 ga Mayu

Wata shida. Cinya 47, dama 49. Tsayuwa kan hagu daƙiƙa 24, mafi kyau 27, tef na fara karkacewa daga nan. Jin cewa ƙafar ta fi tsawo ya tafi ban ma san ranar ba, takalmi na nan yadda yake. Sagewar asuba ta dawo minti biyu zuwa uku, bayan dogon zama kuma taku biyu ne sai ta saki.

Ɗingishi na nan. Da safe a cikin gida ba sanda maiɗakina tace ba ta ganin komai, amma daga la'asar in na gaji kafaɗar na komawa hagu, ina ganinta a gilashin shagunan da nake wucewa. Kine yace ga wanda ya shekara 7 yana ɗingishi ana iya kai shekara guda ana samun ci gaba, kuma mai yiwuwa ɗan kaɗan ya zauna. Na ji zafin maganar amma na fi son a faɗa min haka.

Kuɗin kine zuwa yau jaka 165, mun rage zuwa sau ɗaya a sati biyu. Ya kawo min robar motsa jiki mai tauri ta ɗaurawa a gwiwoyi, jaka 4. Tsarin wata mai zuwa: tafiyar gefe da roba safe da yamma, tafiya minti 30 bayan asuba kafin rana ta yi zafi, in damina ta kankama kuma in guji hanyar bayan gidanmu saboda santsin laka. Ɗinkin babbar salla rabin na bara kawai zan karɓa. Kontrol a Yawunde sai bayan salla, zan tambayi maganar hawa moto da zaman tahiya. Sanda tana hannun dama in zan fita, saura daƙiƙa 3.